Gayyar Danna Talla

Garo, Kabo
Farkon watan Rajab

Zuwa ga jikata, amaryata Najwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikinki da abokan zamanki a Abuja. Ni dai alhamdu lillahi. Ƙafa ce ke ta halinta, kunne kuma kin san shi. Shi ya sa ban kama rabin abin da kika faɗa a waya ba, sai da maƙwabciyata Malama Asta ta maimaita mini. Ita ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki.

Ga abin da na fahimta. Kamfaninku ya ƙera abin da zai sa waya ta yi magana da Hausa, kuma da hannunki a ciki. Yanzu an ɗora miki sa tallarsa a intanet don masu rubuta manhaja irinki su gani su ɗauka, a kuma auna ko talla tana cin su. Kin ce mutanen nan ba sa kallon talla. Sun sa wani abu a kwamfutarsu da ke toshe ta, wanda ya gani ma ba ya dannawa, sai abin da abokin sana'a ya gwada ya yaba. Na yi dariya. Ke ma tun kina ƙarama ba kya cin abin da aka cika yabo.

Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da yara da alli, ban taɓa zaton jinina zai koya wa ƙarfe harshenmu ba. Da kakarki Zubaidatu tana raye, da ta cika unguwa da guɗa. Tun rasuwarta gidan nan ya yi mini girma.

Ki turo wa Asta adireshin tallar, ina so in gani da idona.

Allah Ya yi miki albarka.
Angonki tsoho,
Hambali


Garo
Farkon Sha'aban

Najwa,

Sallama da gaisuwa. Ya aiki, ya gajiya? Jikina da sauƙi.

Asta ta karanta mini saƙonki. Kin ce shugabanki ya duba inda masu danna tallar suke, ya ga Gwarzo da Kabo sun wuce Legas, har yana shirin turo ki Gwarzo ki yi makonni kina taro da masu rubuta manhajar yankin. Kin ce abin ya ɗaure miki kai. To, bari in kwance miki, don aikina ne.

Ban ji daɗi ba da na ji mutanen birni sun ƙi taya ki. A nan idan gona ta fi ƙarfin mai ita, gayya ake kira. Ranar Juma'a bayan sallah na roƙi Liman ya ba ni dama, na dogara sandata na miƙe, na gaya wa jama'a cewa ’yarsu tana aikin da zai ɗaga Hausa, abin da take buƙata kawai a danna tallarta a waya. Najwa, da kin ga mutane! Alhaji Uzairu ya kai maganar garin Madadi. Lukuman mai taki ya kai ta Durun. Asta ta sa ta a zauren waya na matan Islamiyya. Wanda ba shi da babbar waya ya ari ta ɗansa. Inda aka tambayi suna da gari kowa ya rubuta. Inda aka tambaya ko mutum mai rubuta manhaja ne, Lukuman ya gano shafin ba ya wucewa sai an amsa da e, sai kowa ya amsa da e. Har maharbin Durun yana ciki.

Niyyata in ba ki mamaki. Ban san zan rikita muku awo ba.

Amma tunda abin ya zo a haka, ina da roƙo, kuma da nauyin baki nake yin sa. Kada ki yi gaggawar yi wa shugabanki bayani. Ba ke kika shirya komai ba. Daga Gwarzo zuwa nan ba nisa, a gida za ki riƙa kwana. Rabona da ganinki tun zaman makokin kakarki. Ba na so in tsorata ki, amma na san yadda nake jin jikina.

Ki yi tunani.
Kakanki,
Hambali


Garo
Ƙarshen Sha'aban

Amaryata Najwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma tambayar lafiyarki, don Asta ta ce muryarki a dishe take.

Na ji komai. Kin je kin faɗa wa shugabanki gaskiya. An soke zuwa Gwarzo, an ce ki sake awon daga farko, hutunki kuma sai bayan Babbar Sallah. Na ji kuma da kika tsame mutanena, masu rubuta manhajar da talla ta kawo ba su taka kara sun karya ba, waɗanda suka ɗauki kayanku kusan duka abokin aiki ne ya nuna musu. Kin rubuta hakan yadda yake, ko da yake tallar a hannunki take.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar ban iya cin tuwon da aka kawo mini ba. Na yi fushi da ke har la'asar. Daga nan na zauna a zaure na tambayi kaina: da ɗalibina ne ya kawo mini sakamakon da ya san ba nasa ba ne, me zan yi masa? Ni da na koya wa ubanki wannan, ni ne na roƙe ki ki yi shiru, ke kuma kika ƙi. Ban taɓa alfahari da wanda ya ƙi bin maganata kamar yau ba.

Jiya na sake miƙewa a masallaci. Na gode wa jama'a, na ce gayyarmu ta nome gonar da ba a shuka ba, aka yi ta dariya. Sannan na faɗa musu abin da kika yi. Liman ya sa miki albarka, aka shafa.

Saura zancen ganinki. Likita ya hana ni doguwar tafiya, na saurare shi da ladabi. Na kuma yi magana da Jibirin direba, mai zuwa Abuja ranar Asabar. Ya ba ni kujerar gaba, ya yi alkawarin tsayawa duk inda ƙafata ta nema. A wajenki zan ɗauki azumin bana. Kada ki kira don ki hana ni, kin san ba na ji a waya.

Ki shimfiɗa mini katifa a ƙasa, ba na iya hawa gado.

Naki har kullum,
Hambali