Daddawar Inna a Buhun Shara

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau, amma raina a ɓace yake. Mun fara aikin sa-kai na hutun bazara, muna kwashe shara a wani tsibiri kusa da Doha. Abokan aikin kowa da ƙasarsa, girki kuma bi da bi ake yi. Ranar girkina na ciro daddawar da Inna ta aiko min, zan yi musu miyar kuka. Na je alwala, na dawo babu ita! Wai shugabarmu ta ji wari, ta ɗauka mushen kifi ne, ta jefa a buhun shara, kwale-kwale ya tafi da shi. Da na yi magana, cewa ta yi, "Khalas, shi ke nan, a sayo wata."

A sayo a ina, Yaya? Da ciwon hannun nan Inna ta daka ta.

Ki taya ni addu'a kada bakina ya jawo min kora. Ki gaida kowa. In Inna ta tambaya, ki ce miya ta yi daɗi.

Ƙaninki,
Sani