Haddar Ƙafar Kaza

Gazawa, Nuwamba 1992

Zuwa ga Uwata Ummuhani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da malamanki na asibitin ido na Kaduna. Ya baƙunta, ya karatu? Mu nan sai godiya. Innarki Lantana tana gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san aji uku na yi a lakol, mushe malaminmu ya ce in je in taimaki ƙasa ta wani wajen.

Mutane suna tambayata, ashe ba ta gama ba? Ba ita ce ke auna ido tana ba da madubi ba? Sai in ce masu da can gilashi kika karanta, yanzu ciwon da ke cikin idon kike koyo, shekara biyu, sunanshi istaj. Barmo mahauci ya ce shekara biyu kan abin da bai kai ƙwan zabo ba! Na ce shi shekara talatin yana ƙwaƙule na rago, ina diplom ɗinshi?

Tun da aka saki jam'iyyu keken ɗinkina bai huta ba. Da safe in ɗinka tutar waɗannan, da la'asar ta masu zaginsu, kowa in ce mashi Allah ya ba da sa'a.

Kin tambayi idona. Ai ke kika gwada ni a zaure kafin ki tafi, da katinki mai zanen ƙafar kaza. Kika rufe mani dama, kika rufe hagu, na nuna maki inda yatsun suka duba har layin ƙasa, kika ce idon saurayi. Goshin da aka gaya maki na fasa kuwa, ƙofa ce ta matso ba ta yi sallama ba.

Allah ya yi maki albarka.
Babanki, Labo Tela

Gazawa, Maris 1993

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya zafi a can? Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, ba don daɗinta ba.

Kin ce an koya maku wani ciwo da ruwan ido ke cika ya danne jijiya, ba zafi ba ja, yana cin gani daga gefe, kuma yana bin jini. Kin tambaye ni yadda mai sunanki ta makance. Mu dai iska muka ce, muka yi ta hayaƙi. Amma yadda kika faɗa haka ta yi: ta fara da ture ƙwarya, ta ƙare da laluben bango.

To, zauna in gaya maki, tunda ba ki kusa balle ki harare ni. Katin nan naki wata biyu ya yi rataye a zaure lokacin hutunki. Kullum ina ɗinki ina kallonshi da idon dama, har na haddace shi kamar ƙaramar sura: gabas, ƙasa, gabas, sama, yamma. Ranar da kika rufe mani dama ban ga kati ba, ban ga hannunki ba, hadda na kawo maki. Hagun ya shekara da tafiya. Ni da lissafin sau bakwai ya kora daga lakol, ga shi na ci jarrabawar likita da ka.

Na san in kin gane ba ki shiga motar Kaduna. Burs kuwa, kuɗin tallafin karatu, sau ɗaya ake kiran ɗiyar tela. Na ce idon dama ya riƙe ni shekara biyu, me ake da ido biyu a kan wando ɗaya? Sai ga shi ya fara bin ɗan'uwanshi. Duniya ta koma kamar ana leƙenta ta cikin bututu.

Ranar zaɓe na shiga bayan labule, aka ba ni takardu kala-kala. Wurin ba haske, duk suka zama ɗaya. Na lalubi wadda ta fi santsi na sa a ambulan. Duk wanda ya ci, ya zo ya yi mani godiya, wataƙila ni ne.

Zan je Maradi a auna, kamar yadda kika ce. Kada ki gaya wa innarki, ita har yanzu ƙofa take zagi.

Naki, Labo

Gazawa, Yuli 1993

Uwata Ummuhani,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. Ruwa ya sauka, an ce gero ya yi kyau a Gangara. Innarki ta ɗora mani kara a kan takarda ina bin shi da alƙalami. In layi ya hau layi, ki raba su.

Na je Maradi, sai dai bayan Sallah, don ɗinki ya yi yawa. Ƙarya nake, tsoro ne. Lokotoro, likitan ido, ya ɗiga mani magani, ya taɓa idon da wani ɗan ƙarfe, ya haska ciki. Ya tambayi ko ba ni da wanda ya san ido a gida. Na ce ba ni da kowa. Uwata, ban taɓa musun ki ba sai ran nan, kuma har muka iso Gazawa ban yi wa kowa wasa a mota ba. Ya ce hagu ya mutu, dama saura haske da inuwa, maganin ɗigawa zai tsare abin da ya saura, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na rufe keke da zane. Barmo ya zo gaishe ni, na jira ya tsokane ni, sai na ji yana jan hanci. Wannan ya fi maganar lokotoro ciwo.

Yayarki Zulai ta ce kin aiko mata cewa laifinki ne, za ki bar istaj ki dawo. Wane laifi? Kati da gilashi kaɗai aka ba ki, kika yi aiki da su tsakani da Allah, ɗan damfara kika samu. Abin da ke kama irina shi kika je koyo. In kin dawo yanzu, na yi hadda a banza, na makance a banza. Zuwanki gobe da zuwanki baɗi duk ɗaya ne wurin idona, muryarki zan ji. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki yi shi a Kaduna.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki zauna kan kujerar nan malaminki ya auna naki idon, in kin zo ki auna na Zulai da 'ya'yanta. Gona ban bar maku ba, kada ya zama wannan ne gadon.

Takardarki ta ƙarshe ta zo tun sati biyu. Na buɗe, na juya ta gaban rana, ban ga komai ba. Ban ba kowa ya karanta mani ba, kada a ji faɗan da kika yi wa ubanki. Tana cikin hulata. Ki gama, ki zo ki karanta mani da bakinki, zan tsaya in ji duka ba tare da na yi wasa ba.

Allah ya tsare mani idonki.
Babanki, Labo