Duniyar Litinin da Alhamis

Sendai, farkon Satumba

Zuwa ga 'yata Kotone,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan zafi ya sassauta a ƙauye, kuma ciwon bayan Inna, Kakarki, ya yi sauƙi.

Kin ce kullum kina leƙa madubin hangen nesa na marigayi Kakanki, amma ba ki ga duniya ko ɗaya ba. Kada ki damu, kowa da wannan kuskuren yake farawa. Ɗalibaina ma duk shekara sai sun tambaye ni, "Malam, to ina duniyar take?" Ba a ganinta, Kotone. Tauraron ake sa wa ido. Idan wata duniya tana kewaya shi, duk sanda ta gifta ta gabansa haskensa yakan ragu kaɗan, kamar sauro ya ratsa ta gaban fitila. Yawan raguwar shi ke gaya mana girmanta, tazarar dawowarta kuma ita ce tsawon shekararta. Wadda ta kai girman tamu duniyar, abin da za ta rage bai kai ɗaya cikin dubu goma ba. Ki ɗaura kyamarar da na aiko, ki zaɓi tauraro ɗaya, ki riƙa auna haskensa.

Na ji hukuncin Inna, wai da zarar lokacin shanyar kanya ya yi, madubin zai bar mata baranda, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya kwashe. Ban isa in yi mata musu ba. Dabara ɗaya ce: ki nuna mata yana da amfani kafin kanya ta nuna.

Ki gaishe ta da kyau.

Kawunki,
Norio

*

Ƙauye, tsakiyar Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, ya ɗalibai? Kawu, na same ta!

Tauraron da ke saitin rufin bayan gida na zaɓa. Yana nan lafiya lau, sai kawai haskensa ya faɗi, ya jima, ya dawo. Na ɗauka idona ne. Bayan 'yan kwanaki ya sake, ya kuma sakewa. Kashi ɗaya cikin biyar yake raguwa, ko Kaka da ba ta ganin ramin allura ta gani a kwamfuta.

Da fari cewa ta yi, "Ke 'yar nan, duniyar da muke ciki ma wa ya share ta, balle ki jajibo mana wata?" Na ce mata ai wanda ya gano abu irin wannan har a jarida ake sa shi. Ta ajiye tsintsiya, ta ce, "Da sunan gidan?" Na ce da sunan gidan.

Washegari tun asuba ta turara shinkafa da jan wake irin ta biki, ta zuba a akusan nan na alfarma, ta sa ni na zaga unguwa gida-gida. Na maƙwabciyarmu matar Kuwabara kuwa da kanta ta kai. Ka san tun da jikan matar ya shiga makarantar likita Kaka ba ta huta da labarinsa ba. Ina jin ta daga bakin ƙofa tana cewa, "Ba wani abu ba ne, 'yar duniya ce ƙarama yarinyar ta tsinto."

Yanzu har goge madubin take yi. Ga ranakun da hasken ya ragu na haɗo maka. Wa ake rubuta wa a sanar?

'Yarka,
Kotone

*

Sendai, ƙarshen Oktoba

Kotone,

Gaisuwa mai yawa. Ganye ya yi ja a nan, na san can ya fi.

Na yi murna ƙwarai, aikinki tsaf yake. Amma kafin mu rubuta wa kowa, zo mu yi lissafi tare. Abin da zai rage kashi ɗaya cikin biyar na hasken tauraro, faɗinsa ya kusa rabin tauraron. Wannan ba ƙaramar duniya ba ce, Kotone, uwar duniyoyi ce.

Sannan na ɗauko kalanda na duba ranakunki. Litinin, Alhamis, Litinin, Alhamis. Duniya ba ta san ranakun mako ba, tazararta ɗaya ce kullum. Har na lura Litinin ɗin hutun girmama tsofaffi kin auna, ba ta zo ba. Duniyar da ke tafiya hutu ban taɓa karanta labarinta ba.

Ga abin da za ki yi, kuma laifina ne da ban faɗa tun farko ba. Ki auna taurarin da ke maƙwabtaka da naki a hoto guda. In shi kaɗai ya dushe, abin yana can sama. In duk suka dushe tare, abin yana kusa da ke. Ran Litinin ki ɗaga ido daga kwamfutar ki duba waje.

Shinkafar nan dai, gida nawa aka kai wa?

Kawunki mai alfahari da ke,
Norio

*

Ƙauye, farkon Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Duk unguwa aka kai wa.

Na yi yadda ka ce. Dukansu tare suke dushewa. Ran Litinin ina zaune hasken ya fara faɗuwa, na ɗaga kai, sai ga hayaƙi yana tuɗaɗowa daga bututun ɗakin wanka, ya bi ta gaban madubin. Ashe Litinin da Alhamis ne Kaka take zuwa wasan ƙwallon sanda na tsofaffi. In ta dawo bayanta ya riƙe, ba ta yarda da ruwan famfo, sai ta hura itace a tsohuwar tukunyar wanka ta shiga ta jiƙa. Ranar hutun kuwa yawon mota aka kai su.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kaka, ke ce duniyar."

Ta ce daga ciki, "Wace duniya?"

"Wadda na gano. Hayaƙinki ne."

Ta ce, "Ja'ira, da wane ƙugun zan kewaya tauraro?"

Da ta fito na nuna mata komai. Ba ta yi faɗa ba, shi ne ma ya fi tsorata ni. Ka san ba a mayar da akushi haka nan. Kowane gida ya aiko da tukuici: tawul, ganyen shayi, kifi busasshe. Mai unguwa ya rubuta labarin a allon sanarwar da ake zagayawa da shi, kowa ya buga hatiminsa. Matar Kuwabara ta kawo tulun tsimin 'ya'yan itace na shekara bakwai, tana murmushin nan nata, ta ce, "Sai mun gani a jarida."

Jiya aka sauke kanya. Kaka tana zaune tana fera, ba ta kula ni. Na ga ta auna baranda da igiya. Kawu, ka sa baki, madubin marigayi Kakana ne fa, shi ya koya mini riƙe shi.

'Yarka,
Kotone

*

Norio,

Ina lafiya. Bayana yana nan yadda ka san shi.

Madubi ba ya zuwa ko'ina. Na riga na sha rabin tulun matar Kuwabara, ba ni da fuskar da zan ce mata hayaƙi ne. Na gaya mata masana suna bincike, kuma ɗana ne babbansu, saboda haka ka san abin da za ka faɗa in kun haɗu.

Na mayar da wankana kafin faɗuwar rana. Yarinyar ta ce akwai taurarin da aka riga aka san suna da manyan duniyoyi, waɗanda wannan madubin zai iya kamawa. Ka aiko mata da sunan ɗaya. Ba ruwana ko wani ya riga ta gani, matar Kuwabara shafin rasuwa kaɗai take karantawa a jarida.

Kai kuma da ka iya koyarwa daga nesa, hutun sabuwar shekara ka zo ka gwada da kanka. Ka taho da bargo mai kauri, don a baranda za ka kwana. Kanyar a ɗakinka na shanya ta.

Uwarka