Mota da Maraƙin Jauro

Daren Laraba, Kura.

Ƙaramar motar nan ƴar Kwatano mai shan gas lafiya lau na saye ta, amma na matsa wa makanike sai ya ƙara mata wuta.

Da la'asar na taka ta a hanyar bakin kanal. Ta yi ƙugi, ta tuttulo baƙin hayaƙi, shanun Jauro suka watse, maraƙi ya faɗa ruwa. Da ƙyar muka ciro shi, ƙafar baya ba ta takuwa.

Jauro, da shanunsa ke zuba min taki bayan girbi, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ina za ka da wannan sauri?"

Wallahi ba inda za ni.