Zare Mai Ƙulli Uku

Tudun Wada, Zariya
9 ga Shawwal, 1344

Zuwa ga yayana Gwadabe, a Kano. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Kulu da yara, kamar yadda muke nan ni da Ishatu.

Bayan haka, ka tambayi aikin da ya raba ni da ɗinki. Wani Bature ne mai binciken ƙwarin da ke cin auduga, mutanen unguwa suna ce masa Sarkin Ƙwari. Yana ɗaukar hotonsu kusa-kusa, har kiyashi ya fito kamar ɗan akuya. Ya gan ni ina yi wa riga aiki, ya ce hannun nan zai iya miƙe ƙafar sauro. Yanzu ni ke soke ƙwaro da allura, in gyara masa zama.

Akwatin hoton yana da gilashi a baya. Mutum zai lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya matsa akwatin gaba ko baya har ƙwaron ya fito tsaf a gilashin. Kuskuren ƙwayar gero ɗaya ya isa ya ɓata hoto. Zazzaɓi ya bar wa Baturen rawar hannu, sai ya sakar mini wannan ma. Ni kuwa ɗan maɗinka ne. Ranar da hoto ya yi kyau na tsinko zare, na auna daga bakin akwati zuwa allura, na ƙulla. Ƙulli uku ne: na tsutsa, na ƙuda, na gizo-gizo. Kafin Baturen ya fito na riga na auna, sai in shiga ƙyallen don a ga na shiga. Bai sani ba, hotuna kuma suna kyau.

Ka ce rubutuna ya yi manya. Alƙalamin ne bai feru ba.

Ka gai da mutanen rumfa. Ƙaninka, Kailani.

Tudun Wada
21 ga Zulhajji, 1344

Zuwa ga yayana Gwadabe. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, da barka da sallah, takardarka ta iso ta hannun Sabo mai aikin jirgin ƙasa.

Ka matsa a kan maganar ido. Tun kana yaro ba ka sakin magana. To, akwai ɗan yana-yana, irin wanda Baba ya fara da shi, amma bai hana ni komai ba. Kada ka gaya wa Yaya Kulu, ta gaya wa Ishatu. In Baturen ya ji, aikin ya ƙare, allurar ɗinki kuma ba ta karɓata yanzu.

Mun samo wata gizo-gizo a gona wajen Hanwa, tana jan ƙunshin ƙwanta. Baturen ya ce in sun ƙyanƙyashe 'ya'yan za su hau bayanta, ba da daɗewa ba su watse. Hoton nan yake so kafin ya tafi ƙasarsu a ƙarshen damina. Ni ke kama mata ƙuda safe da yamma, ina jinyarta kamar mai jego. A hanyar dawowa ruwa ya yi mini dukan tsiya, har zaren da ke aljihuna ya jiƙe. Na shanya shi a danga, ya bushe.

Damina ta yi kyau a nan. Allah ya bar zumunci. Naka, Kailani.

Tudun Wada
14 ga Safar, 1345

Zuwa ga yayana Gwadabe. Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Za ka ga rubutu ya sake. Maƙwabcina Malam Muntaka ne ke rubutawa, ni ina faɗa.

Ƙwan ya fashe ranar Talata. Muka shaƙa wa uwar magani ta yi lamo, na auna da ƙulli na uku, muka ɗauki hoto shida. Da aka wanke, duka shidan sun fito dishi-dishi. Kafin mu sake shiri 'ya'yan sun watse.

Sai daga baya na gane. Zaren sabon kaɗi ne, ban jiƙa shi ba kafin in ƙulla, da ya sha ruwa sai ya tsuke. Ka tuna Baba ba ya auna zare sai ya jiƙa ya shanya, ya sha murɗe mana kunne a kan haka. Wannan ya fi komai ba ni kunya.

Baturen bai yi faɗa ba. Washegari ya shirya allura da kansa, ya ce in shiga ƙyallen in gaya masa idanun gizo-gizon guda nawa ne. Na sha jin yana cewa takwas, na ce takwas. Sai ya zare abin ya sa mini a tafin hannu. Angurya ce.

"Tun yaushe, Malam Kailani?" ya ce.

Na ce tun kafin azumi. Ya nemi zaren, ya juya shi, ya ce dabara ce mai kyau. Ya ba ni tabarau na gwada, bai yi komai ba. Muka yi sallama cikin mutunci. Ishatu ta ce ita ta daɗe da sani, tun da na daina yi mata tsegumin tsakuwa a shinkafa.

In akwai wuri a rumfarka, ina iya naɗin zare da ƙulli, waɗannan hannu ke yi. Ban ji daɗin roƙon ba, amma na yi.

Ga hoto nan a cikin takardar, Baturen ya ba ni. Wata gizo-gizo ce da na ɗauka da bazara, ya ce duk cikin aikinmu babu kamarsa, har gashin ƙafarta ana ƙirgawa. Ni baƙi-baƙi kawai nake gani. Ka kai shi haske ka duba da kyau, in na zo ka gaya mini yadda yake.

Allah ya sada mu da alheri. Ƙaninka, Kailani.