Wasiƙa Zuwa ga Baba, Kan Kwanson Harsasansa

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina fata ƙasa ta yi maka sauƙi. 'Yarka Hajara ce.

Ka bar mana aiki, Baba. Da muka buɗe ɗakinka na unguwar Ɗan Iya, sai ga kiret-kiret na ƙwai jere a ƙarƙashin gado, kowane gurbi da kwanson harsashi a ciki. Yaya Sabo ya ce ranar Asabar zai zuba su a masai, wai in aka gan su a gidan mutum, kafin ya gama bayanin fanko ne ya kwana a caji ofis. Ban ga laifinsa ba. Amma na roƙe shi kwana uku, don ka san ni da bin ƙwaƙƙwafi.

Na tuna yadda kake zama bayan la'asar da tsumma da ɓarin lemon tsami, kana goge su har su yi ƙyalli. Inna ta ce mutane na kiwon kaji, kai kana kiwon ƙarfe. Kai kuwa ko a jikinka, sai dai ka ce, wanda ya riga ya yi magana ba ya sake yi.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda kake karɓarsu. Maharba da tsofaffin sojoji suna kawo maka, wani ka rungume, wani ka mayar wa mai shi ko da ya fi kyau. Na juya gindinsu, na duba lambobin, na gwada tsawo da tsawo, ban gano komai ba. Ga kuma wani ja guda ɗaya, na bindigar farauta, da ka ƙulle shi kaɗai a hankici.

Jiya na hau keke na kai su wurin amininka Baba Yohanna. Ya yi dariya har da tari. Ya ce tambaya ɗaya kake yi wa duk wanda ya kawo: ya taɓa mai rai? In ya taɓa, ba ka so. Ashe kuskure kake tarawa, Baba, harbin da ya tafi a iska. Wai maharba har sunkuyar da kai suke yi, don kawo maka kwanso daidai yake da mutum ya amsa da bakinsa cewa bai iya saiti ba.

Sai na kwance hankicin. Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna min tabo a ƙaurinsa. Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka da ɗingishinsa aka haife shi.

Ya ce kuna samari kuka fita farauta, ka ga motsi a ciyawa ka saki wuta, ashe shi ne. A bayanka ka goyo shi har bakin titi. Da danginsa suka tambaya, ya ce shi ya harbi kansa. Daga ranar ba ka ƙara riƙe bindiga ba.

Me ya sa ba ka taɓa gaya mana ba? Kunya ce, ko kana gudun mu canja maka kallo? Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye maka ba, sannan na ji tausayinka.

Na kira Yaya Sabo na ce kiret ɗin suna ɗakina, in bayani ya taso ni zan yi. Jan kuwa na miƙa wa Baba Yohanna. Ya sa a aljihun gaba, ya ce tun a dajin ya yafe maka, amma kowace shekara sai ka je ka sake roƙonsa, har ya gaji da amsawa. Bana, in ji shi, ya yi ta jira ba wanda ya zo.

Allah Ya gafarta maka, Baba, Ya yafe maka yadda amininka ya yafe. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da Inna a gidan Aljanna. Shi kuma Allah Ya ƙara masa lafiya. Bayan Sallah zan je in gaishe shi.

Taka har kullum,
Hajara