Ba idon Baba ba ne, tocilar ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don girman Allah a sakaya sunana, ko a danginmu akwai masu karanta wannan zauren. Ina roƙon ku ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don Allah ku ba ni shawara, daga yau zuwa Juma'a kawai ya rage mini, kuma wallahi abin duniya ya ishe ni.

Ni mace ce, ina koyarwa a wata firamare tsakanin Kura da Bunkure, da aurena da yarana uku. Mahaifinmu manomin rani ne, ya ba saba'in baya amma har watan jiya shi yake yi wa gonarsa ban ruwa da hannunsa, bai yarda kowa ya taɓa masa ba. Wanda ya san yankinmu ya san ruwan kanal layi ne, in naku ya faɗo kafin asuba to kafin asuba za ka je ka buɗe, in ka makara wani ya ja abinsa. Su Baba Litinin da Alhamis ne nasu. Tun ina yarinya tocila ɗaya na san shi da ita, ta ƙarfe mai cin manyan batura biyu, duk ta sha ɗaurin roba. In batir ya fara sanyi sai haskenta ya yi ja, Baba ya zare ya shanya a kan katanga ya sha rana, ya ƙara lallaɓawa na kwana biyu kafin ya sayi sabo. Mu yi ta yi masa tsiya, shi kuwa ya ce ku bar mini abata, ita dai ba ta tafiya sai ta yi sallama.

Ƙarshen bara muka shiga Kano kasuwar baje koli ni da wata abokiyar aikina, kayan kicin ma muka je gani. Sai muka faɗa wata rumfa ta masu sababbin tociloli, mutumin ya iya baki, ya tsoma ɗaya cikin bokitin ruwa tana ci, ya yada ita a ƙasa ya ɗauka tana ci, ya haska rufin rumfar da rana tsaka muka ga hasken. Irin wadda ake ɗaurawa a goshi ce, nan take na tuno Baba yana riƙe da fartanya a hannu ɗaya, tocila a hammata. Ya nuna mini batirin, ɗan baƙi mai haƙora huɗu na tagulla, da ɗan mazauninsa na caji, ya ce wannan batirin nata ne ita kaɗai, ba ya shiga wata kuma na wata ba ya shigarta, don haka ba a jabunsa. Ni a ranar yabo na ɗauki maganar. A gefen tocilar akwai 'yan ɗigon haske kore guda uku, uku ta cika, ɗaya a kai ta caji. Na saya, na dawo gida kamar na yo tsintuwa.

Yayanmu babba, wanda ke zaune a Kumbotso, da ya gani sai ya taɓe baki, wai rumfar baje koli ta kwana nawa ce, in an tashi an naɗe tabarma wa za ki kama. Dama ni da shi ba ma shan inuwa ɗaya, tun muna yara yake mini kallon mai rawar kai, ni kuma ba na barin ta kwana. Na ce masa shi da ko igiyar guga bai taɓa kawo wa gonar nan ba ai ba shi da bakin magana, muka yi sa-in-sa har sai da Inna ta tsawatar. Don in nuna masa iyakarsa, kuma don na san Baba zai iya komawa ga tsohuwar tocilarsa, sai na faki ido na ɗauke tocilar ƙarfen, da masu canjin roba suka zo unguwarmu na haɗa ta da tsofaffin tukwane na karɓi baho.

Baba ya yi mita na kwana biyu sannan ya saba, har ya zo yana alfahari da ita, abokansa na bakin kanal suka sa masa suna jirgin ƙasa saboda fitilar goshi. A gidansu babu wuta, ni ke da sola, sai mazaunin cajin ya zauna a wurina. Duk Lahadi da Laraba bayan la'asar Baba zai zo a kekensa ya kawo ta, ya zauna a tsakar gidana ya sha kunu, yara su hau kansa, in ta cika ya tafi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ba zan ɓoye muku ba, a rayuwata ban taɓa samun Baba ni kaɗai kamar a watannin nan ba, kuma na ji daɗin abin ƙwarai.

Wata na biyar batirin ya ƙi ɗaukar caji, na duba na ga har ya ɗan kumbura. Ranar Alhamis ce da rana, Baba ya biyo ya ajiye ta, sai na ce masa sola ce ba ta jin daɗi, ya bar ta zuwa Lahadi. Ranar Asabar na shiga Kano, babu inda ban taka ba a layin masu kayan wuta da masu waya, kowa ya juya batirin a hannu sai ya miƙo mini, Hajiya wannan sai kamfaninsa. Na kira lambar da ke jikin kwalin, da ƙyar wani ya ɗauka ya ce wannan samfurin an daina kawo shi, in jira baje koli na gaba akwai sabuwa wadda ta fi ta, ita ma da nata batirin daban. Na tsaya a bakin titi ina jin muryar Yaya a kunnena. Gaskiyar magana a lokacin ba Baba nake tunani ba, dariyar da Yaya zai yi nake tunani.

Da na dawo Kura sai na tsaya wurin wani mai gyaran waya. Ya fasa baƙar robar batirin, ya cire na ciki, ya sa wani da ya zaro daga tsohon fawa bank, ya liƙe da gam, in ba an gaya maka ba ba za ka gane ba. Bawan Allahn nan bai cuce ni ba, ya faɗa mini ƙarara, ya ce Malama za ta yi haske, amma ɗigon nan uku sun daina faɗin gaskiya, kuma tana iya ɗaukewa lokaci guda ba gargaɗi, a bar ta a ɗaki kada a dogara da ita a hanya. Na ji da kunnena, na ce to. A raina na ce mako ɗaya ne ko biyu, kafin nan zan nemo wata mai kama da ita in musanya ba wanda ya sani. Ranar Lahadi Baba ya zo, ya sha kununsa, ya duba ya ga uku, ya sa mini albarka ya tafi.

Litinin ta wuce lafiya, har na saki jiki. Ranar Alhamis kafin asuba yana tsallaka ɗan siririn dakalin siminti da ke kan kanal, inda ruwa ke gangarawa ƙasa, sai duhu ya rufe shi. Ya faɗa, cinyarsa ta karye, Allah ya sa ba a gama sakin ruwan ba, masu zuwa bayan sallar asuba ne suka ji nishinsa suka ciro shi. Da muka taru a kansa a gida abu na farko da ya faɗa shi ne tocilar ce ta mutu, tana nuna uku ta mutu. An tsinto ta a cikin taɓo an kawo, Yaya ya goge ta da gefen rigarsa ya danna a gaban kowa, sai ga haske tar, ga ɗigo uku. Baba ya daɗe yana kallon ta, sannan ya juya fuskarsa bango. Ina tsaye a wurin, na bari aka wuce maganar.

Daga nan kowa ya samu abin faɗa. Aka ce jiri ne, aka ce dundumi ne, aka gwada jininsa aka ce ya ɗan hau, aka duba ido aka ce akwai 'yar yana irin ta manya. Yaya ya riƙe waɗannan ya ce magana ta ƙare, tsufa ya zo, ba za a zuba ido tsoho ya mutu a kanal mutane su zage mu ba, za a ba wani gonar ya noma, Baba da Inna su koma wurinsa Kumbotso. Ban ga laifinsa ba, da abin da ya gani ya yi hukunci, har cewa ya yi a gaban mutane ashe kayan Malama na da kyau, shi ne ya yi mata mummunan zato. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni kamar wannan ba.

Ni na ɗauko tocilar na kawo gidana. Rannan da yara suka tafi islamiyya na rufe ɗaki na kunna ta na zauna ina kallo, ko rabin awa ba ta yi ba ta ɗauke ɗif, na bar ta ta huta na danna, ta kawo da ɗigonta uku. Sau uku ina gwadawa. Don haka ba zato nake ba, na sani, idon Baba lafiyarsa ƙalau daidai shekarunsa, kansa ma ƙalau, garin neman gira ne na jawo masa wannan.

Mai ɗori ya ce ƙashin na kamawa, in Allah ya yarda zai taka. Amma Baban da na sani, wanda in ka ce masa ya huta sai ya tambaye ka ko kai ka haife shi, yanzu ko musu ba ya yi. Shinkafarsa ta fara fitar da kai, maƙwabcin gonarsa ne ke taimakawa da ruwa, in ya zo ba shi labari sai Baba ya ce a gaya wa Yayanmu. Abinci sai Inna ta yi da gaske. Mutumin da aka haifa a garin nan, bai taɓa kwana bakwai a jere a wani wuri ba, in aka kai shi ɗaki a Kumbotso yana kallon katanga na san ba zai daɗe ba, kuma ni ce sila. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a zauna da ƙannen Baba a miƙa gonar, Asabar mota ta zo.

Sau biyu ina shiga wurinsa da niyyar faɗa, in na ga fuskarsa sai in ɓige da gyara masa matashi. Ko mijina bai sani ba. Ina tsoron Yaya, na san har in mutu ba zai bar maganar ba, ina tsoron idon Inna, ina tsoron a ce a gari ga wadda ta karya ubanta, amma duk wannan mai sauƙi ne a kan in ga ranar da Baba zai kalle ni ya kira ni da sunana na yanka. Wani lokaci zuciya ta ce mini ki wurga ta kanal ki yi shiru, dama ai ya tsufa, ko ba yau ba zai bar gonar. Sai in tashi in yi alwala in ji kunyar tsayawa gaban Allah.

Abin da ya sa na kasa haƙura na rubuto muku jiya ya faru. Na kai masa kunu da yamma, Inna ta fita tsakar gida, sai ya kamo hannuna ya ce, “Uwata, ki yafe ni. Kin kawo mini abin arziki na yi masa ƙarya a gaban mutane, ashe idona ne ya tafi ban sani ba.” Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ba komai Baba, na yafe. Da bakina na ce na yafe masa, ya yi mini godiya.

'Yan'uwa ku dube ni da idon rahama ku gaya mini yadda zan yi. In same shi shi kaɗai in faɗa masa, ko zuciyarsa za ta ɗauka a halin da yake ciki? Ko in fara samun Yaya in shanye duk abin da zai faɗa mini, tunda shi ke da ikon tsayar da maganar gonar? Ko in ɗauki tocilar in kai zaman Juma'a, in kunna ta a tsakiyar tabarma mu zauna har ta ɗauke a gaban kowa? Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma a cikinku wanda ya taɓa neman gafarar mahaifin da ya riga shi neman tasa, don Allah ya gaya mini da wace kalma ake farawa.